Tsokaci a kan Hoton Al'umma Mai Hawa-Hawa a Darussan Tarihin Turai da Indiya

Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa koyar da darasin Gwamnati a babbar sakandare ya san inda kalmar fiyudalanci take zaune. Tana cikin jerin tsare-tsaren mulki da tattalin arziki, kusa da jari-hujja da gurguzu, kuma ana son ɗalibi ya kawo ma'anarta da siffofinta da illolinta. Kusan kullum zane guda ne yake raka ta, wato dala irin ta gyaɗa: sarki a ƙololuwa, manyan masu ƙasa a ƙarƙashinsa, sai barade, sai manoma a gindi suna ɗauke da kowa. Idan malami ya juya harshe zuwa Hausa domin ya kusanto wa ɗalibansa da abin, ba ya shan wahala, sai ya ce sarki, hakimi, dagaci, talaka. Wanda karatunsa ya ɗan faɗaɗa yakan ƙara da cewa haka abin yake a Indiya, inda addinin Hindu ya kasa mutane gida huɗu. Kafin a kaɗa ƙararrawa an ɗinke nahiyoyi uku a kan allo ɗaya, ɗalibai sun kwafa, an tashi.

Wannan maƙala tarke ce a kan wannan zane da kuma ayyukan masanan da suka nazarce shi, musamman littafin da Georges Duby ya wallafa a 1978 a kan rukunoni uku na al'ummar Turai. Abin da muke son nunawa shi ne, hoton al'umma mai hawa-hawa, na Turai ne ko na Indiya, malaman wani zamani ne suka zana shi domin kafa hujja a kan yadda suke son a zauna. Ita kuwa hujja ana karanta ta ne tare da sanin mai ita da abokin gardamarsa. Lamarin ya shafe mu kai tsaye, domin duk ranar da aka zauna rubuta waɗannan darussa da Hausa, kalmar da aka zaɓa ita za ta yanke wa ɗalibi hukunci a kan tarihin wasu, har ma da nasa, tun bai karanta layi ɗaya ba. Mun ari fiyudalanci a nan a matsayin laƙabi na wucin gadi kawai.

Kalmar da masu ita ba su san ta ba

Lokacin da ake kira Tsakiyar Zamani a Turai ya kama daga wajajen shekara ta 500 zuwa ta 1500 Miladiyya. A tsawon waɗannan shekaru dubu babu wanda ya taɓa jin cewa yana zaune a ƙarƙashin fiyudalanci. Kalmar da marubutansu suka sani ita ce feudum ta Latin, wadda sau da yawa take nufin ƙasa ko kuɗin shiga da babba ya ba wani ya ci a bakin hidima, amma ma'anarta takan sauya daga wuri zuwa wuri. A ƙarni na 12 masana shari'a na arewacin Italiya suka tattara hukunce-hukuncen irin wannan ƙasa a kundi guda. A ƙarni na 16 lauyoyin Faransa suka ɗauki kundin suna neman asalin dokokin ƙasarsu a ciki, a ƙarni na 17 kuma Henry Spelman ya yi wa Ingila irin wannan aiki. A daren 4 ga Agusta, 1789, majalisar juyin-juya-halin Faransa ta yi shelar rushe tsarin, daga nan kalmar ta zama dutsen jifan duk wani tsohon yayi da ake son kawarwa. Karl Marx ya mayar da ita matakala a tsanin tarihi, wadda take gabatar jari-hujja. Wato dai kalmar ta yi wayo ne a hannun lauyoyi da 'yan siyasa da masu falsafa, ɗaruruwan shekaru bayan abin da take da'awar siffantawa.

Ko a tsakanin masana tarihi ba a taɓa samun ma'ana guda ba. François-Louis Ganshof, a 1944, ya taƙaita ta ga dangantakar bara da ubangida tsakanin 'yantattun mayaƙa, da ƙasar da ake bayarwa a bakin wannan dangantaka. Marc Bloch, a juzu'ai biyu na 1939 da 1940, ya faɗaɗa ta har ta haɗiye zumunta da shari'a da halin manoma da yadda mutane suke tunani. A 1974 Elizabeth Brown ta yi kira da a yar da kalmar baki ɗaya, tana mai cewa ta zama azzalumar sarauniya a kan masu bincike, tana sa su ga abin da suka zo nema su kau da kai daga abin da ke cikin takardu. Susan Reynolds ta bi da babban littafi a 1994, inda ta nuna cewa yawancin abin da ake kira dokar fiyudal aikin ƙwararrun lauyoyi ne da gwamnatoci masu ƙarfi na ƙarni na 12 zuwa gaba. Har yanzu akwai masana da suke amfani da kalmar bisa sharaɗi, kuma suna da hujjojinsu. Ita dai dalar ce ta rasa mai kare ta, sai littattafan makaranta.

Misali ɗaya ya isa ya girgiza ta. A 1101 Sarki Henry na Ɗaya na Ingila ya ƙulla yarjejeniya a Dover da Robert, mai sarautar Flanders. Robert zai kawo barade 1,000 idan an neme shi, Henry kuma zai riƙa biyansa kuɗi duk shekara. Babu gona ko ƙauye a cikin cinikin. To amma Robert baran Sarkin Faransa ne tun asali. Saboda haka aka rubuta cewa idan Sarkin Faransa ya ƙudiri mamaye Ingila, Robert zai yi ƙoƙarin hana shi da baki, in ya ƙi ji, sai ya bi shi da mafi ƙarancin mayaƙan da za su hana a ƙwace masa ƙasa. A wane hawa na dala za a ajiye mutumin da yake da iyayengiji biyu masu gaba da juna? Haka nan Henry na Biyu, wanda ya mulki Ingila daga 1154 zuwa 1189, ya yi mubaya'a ga Sarkin Faransa saboda ƙasashensa na ƙetaren teku, alhali abin da ke hannunsa a Faransa ya fi wanda sarkin yake mulka kai tsaye girma nesa ba kusa ba. Ga kuma filaye masu yawa, musamman a kudancin Faransa da Jamus, waɗanda mallakar masu su ce tsantsa, ba a karɓe su daga hannun kowa ba.

Akwai takardu biyu da muke ganin sun fi zanen amfani a aji. Wajajen 1020 Fulbert, bishop na Chartres, ya rubuta wa William, mai sarautar Aquitaine, wasiƙa a kan haƙƙoƙin mubaya'a: kada bara ya cutar da ubangidansa a jiki ko dukiya ko martaba, ya taimake shi da shawara da ƙarfi, shi ma ubangida ya saka da kwatankwacin haka. Wasiƙa ce tsaf, kamar darasin fiƙihu. Ba a jima ba sai ga wani rubutu da Latin mai kama da maganar baka, ɗauke da ƙorafin Hugh na Lusignan a kan wannan William ɗin dai: alƙawuran aure da na kagara da aka yi masa aka saɓa, da ƙone-ƙone, da kame, da warware mubaya'a, da komawa sulhu. Ɗalibin da aka karanta wa taƙaitaccen bayanin waɗannan biyu zai gane da kansa tazarar da ke tsakanin abin da malami ya ce a yi da abin da masu takobi suka yi.

Bishop-bishop biyu da littafin Duby

Dalar tana da wata 'yar'uwa da ta girme ta, kuma ita ta asali ce, domin mutanen zamanin ne suka faɗe ta: al'umma kashi uku ce, masu addu'a da masu yaƙi da masu aiki, kowane kashi yana hidimta wa sauran biyun. A kan wannan ne Duby ya rubuta littafinsa, wanda aka fassara zuwa Ingilishi a 1980. Ya soma da Charles Loyseau, lauyan Faransa da ya bayyana rukunonin uku a 1610 tamkar abin da ba ya buƙatar hujja, sannan ya koma baya yana neman ranar da aka fara faɗin haka a Faransa, da wanda ya faɗa, da dalilinsa.

Ya tsaya a kan mutum biyu 'yan dangi ɗaya, Adalbero bishop na Laon da Gerard bishop na Cambrai, a tsakanin wajajen 1025 da 1030. Dukkansu 'ya'yan manyan gida ne, sun yi karatu irin na zamanin daular Charlemagne, kuma suna kallon duniyar da suka sani tana zamewa. Ikon Sarki Robert na Faransa bai wuce ɗan yankinsa ba, masu kagara suna cin karensu babu babbaka. Tun daga taron Charroux na 989 wani yunƙuri ya taso na tilasta wa mayaƙa rantsuwar zaman lafiya a gaban jama'a, abin da Gerard ya ƙi, domin a ganinsa aikin sarki ne malaman coci suke neman karɓewa. Ruhubanawan Cluny, gidan ibadar da aka kafa a 910, sun sami 'yanci daga ikon bishop-bishop, har Adalbero ya yi wa shugabansu Odilo zambo a cikin waƙar da ya aika wa sarki. Ga kuma masu sabuwar aƙida waɗanda suke musun buƙatar limamai: an ƙone wasu a Orléans a 1022, Gerard da kansa ya tuhumi wasu a Arras a 1025. Hujjar Duby ita ce, maganar rukunoni uku martani ce ga waɗannan duka. Tana ce wa ruhubani ya koma ɗakin ibadarsa, barde ya bi sarki, sarki ya saurari bishop, manomi kuma ya ci gaba da ciyar da kowa. Adalbero bai ɓoye wahalar manoma ba, ya ambace ta a fili, sai dai ya ɗauke ta a matsayin wani ɓangare na tsarin da Ubangiji ya shimfiɗa. Ba laifi malami ya san cewa wannan mai wa'azin biyayya shi ne ya ci amanar Charles na Lorraine a 991, ya miƙa shi ga abokan gabansa bayan ya rantse masa.

Duby ya ci gaba da nuna cewa maganar ta kwanta fiye da shekara ɗari, sannan ta farfaɗo a ƙarshen ƙarni na 12 a fadar Henry na Biyu, wannan karon a bakin marubutan fada, inda sarki ya koma saman rukunonin uku yana riƙe da ma'auni. Daga nan ta bi hanya har ta zama tsarin majalisar rukunoni uku ta Faransa, wadda ta yi zamanta na ƙarshe a 1789. Ƙarfin littafin yana nan: ya ɗauki jimlar da ake haddacewa ya mayar da ita magana mai mai ita, mai rana, mai abokin hamayya.

Amma littafin yana da rauni, kuma wajibi ne mai tsara manhaja ya san shi kafin ya jingina da shi. Gini ne babba a kan matani kaɗan. An riga bishop-bishop ɗin nan faɗin maganar a Ingila, a cikin fassarar littafin falsafar Boethius da ake dangantawa da Sarki Alfred, wanda ya rasu a 899, inda aka lissafa masu addu'a da mayaƙa da ma'aikata a matsayin kayan aikin sarki. Duby ya san da haka, amma zuciyarsa tana arewacin Faransa. Bayan fitowar littafin, Dominique Iogna-Prat ya nuna a 1986 cewa malaman Auxerre sun yi amfani da rabon tun a ƙarni na 9, abin da ya rage wa labarin rikicin 1025 kaifi. Har ila yau, Duby ya ɗora bayaninsa a kan ra'ayin cewa an yi wani gagarumin juyi a zaman al'umma wajajen shekara ta 1000, ra'ayin da Dominique Barthélemy ya ƙalubalanta a shekarun 1990, yana cewa salon rubuta takardu ne ya sauya fiye da rayuwar kanta. Duk da haka muna ganin tushen hujjarsa yana nan daram. Ko a Auxerre aka fara, ko a fadar Alfred, malamai ne da sarakuna suke magana, kuma rabon nasu bai bar wa fatake da masu sana'a na birane gurbi ba, balle Yahudawa, balle mata, waɗanda su ne rabin kowane rukuni.

Ta fuskar falsafa, abin da ya riƙe hoton shi ne imanin cewa bambancin daraja shi ne oda, kuma duniya tana kwaikwayon sama. Daga rubutun da ake dangantawa da Dionysius, wanda John Scotus Eriugena ya fassara zuwa Latin a ƙarni na 9, malaman Turai suka koyi jera mala'iku sahu tara, uku-uku. John na Salisbury, a 1159, ya kamanta ƙasa da jikin mutum: malaman addini su ne rai, sarki kai, mayaƙa da ma'aikatan hukuma hannaye, manoma ƙafafu. Kamancen yana da baki biyu kamar takobi, domin shi John ɗin ya ce dole a sa wa ƙafafu takalmi, wato a kare su, kuma ya halatta kashe azzalumin sarki. Dabarar ta girmi Kiristanci. Aflatun ya kasa birninsa gida uku, ya kuma ba da shawarar a gaya wa jama'a tatsuniyar cewa an cuɗa wasu da zinariya, wasu da azurfa, wasu da baƙin ƙarfe da tagulla, tare da amincewa da bakinsa cewa ƙirƙira ce don maslaha. Al-Farabi, wanda ya rasu a 950, ya kamanta birni nagari da lafiyayyen jiki, shugaba a matsayin zuciya. Su kuwa ƙafafun ba kullum suke yarda ba. Bayan annobar 1347 zuwa 1351 ta kashe aƙalla sulusin mutanen Turai, ma'aikata suka yi tsada, sai hukumar Ingila ta kafa dokar 1351 don danne lada. Manoman arewacin Faransa sun yi bore a 1358, na Ingila a 1381, inda limami John Ball ya kafa hujja da cewa kowa daga Adamu da Hauwa'u ya fito.

Indiya: kama da wane ba ta wane

Haɗa Turai da Indiya a wannan batu ba malaman aji ne suka fara shi ba. Georges Dumézil, tun daga 1938, ya yi da'awar cewa al'ummomin da harsunansu suka fito daga tushen Indo-Turai sun gaji tunani mai sassa uku, addini da mulki, sai yaƙi, sai yalwar arziki, kuma Indiya ce babban misalinsa. Duby ya ari wannan tunani, ko da yake ya fi damuwa da dalilin da ya sa aka furta shi a wani lokaci. Shi kansa Dumézil daga baya ya yarda cewa tsarin tunani ne, ba lallai ne al'umma ta kasu haka a zahiri ba. John Brough kuma ya nuna a 1959 cewa da irin wannan ma'auni ana iya tono sassa ukun daga Tsohon Alkawari, wanda na Ibraniyawa ne, ba su da alaƙa da wancan tushe.

Kamannin dai akwai shi. A cikin Rigveda, mafi tsufan littattafan Hindu, akwai waƙa ta 90 a kashi na 10, wadda masana suke ɗauka tana cikin na baya-bayan nan a littafin, da take danganta rukunoni huɗu da sassan jikin wani mutum na farko: Brahmin da baki, mayaƙa da damatsa, Vaishya da cinyoyi, Shudra da ƙafafu. Waɗannan rukunoni su ake kira varna, kuma mun bar kalmar da harafinta na asali da gangan, domin idan aka Hausantar da ita za ta faɗa cikin ɓarna. Amma bambancin ya fi kamannin nauyi. Brahmin haihuwarsa ake yi, limamin Katolika kuwa naɗa shi ake yi, kuma tarukan Lateran na 1123 da 1139 sun haramta masa aure, don haka rukuninsa ba ya haifar kansa. Gerbert na Aurillac, wanda ba ɗan babban gida ba ne, ya zama Paparoma a 999. A Indiya akwai batun tsarki da ƙazanta, wanda ya shafi wanda za a aura da wanda za a ci abincin hannunsa, ya kuma bar jama'a masu yawa a wajen rukunonin huɗu baki ɗaya. Sannan akwai aƙidar karma da sake haihuwa, wadda take bayyana matsayin mutum a yau da ayyukansa na wata rayuwa da ta gabata, abin da Adalbero zai kira kafirci.

Inda darasin Duby yake da amfani ga Indiya shi ne wajen tambayar wa ya zana hoton. Brahmanawa ne suka rubuta littattafan dharma da Sanskirit, irin su dokokin Manu, kuma su suka sa kansu a sama. Rayuwar yau da kullum kuwa a kan jati take tafiya, wato dubban ƙungiyoyin haihuwa masu auratayya a tsakaninsu, waɗanda matsayinsu yake bambanta daga yanki zuwa yanki, kamar yadda M. N. Srinivas ya nuna, har wasu sukan ɗaga darajarsu ta hanyar kwaikwayon al'adun na sama. Binciken da hukumar nazarin al'ummomi ta Indiya ta fara a 1985 ya lissafa al'ummomi 4,635. Sarauta ma ba ta tsaya inda littafi ya ajiye ta ba. Gidan Shunga, da ya gaji daular Maurya, Brahmanawa ne. Matafiyin nan na Sin, Xuanzang, ya ce Sarki Harsha na ƙarni na 7 Vaishya ne. Shivaji kuwa, kafin naɗinsa a 1674, sai da aka ɗauko malami daga Banaras ya tabbatar masa da nasabar mayaƙa. Turawan Ingila sun ƙara wa littafi ƙarfi a kan rayuwa: daga 1772 suka ɗauki matanin Sanskirit a matsayin dokar Hindu a kotunansu, William Jones ya fassara Manu a 1794, a ƙidayar 1901 kuma Herbert Risley ya yi yunƙurin jera jati bisa daraja, sai takardun koke suka yi ta kwarara daga masu neman a ɗaga su. Wannan ba ya nufin Turawa ne suka ƙago wariyar. Tsohuwa ce, kuma masu shan ta sun daɗe suna faɗa: Basava a ƙarni na 12, Kabir masaƙi da Ravidas baduku bayansa, har zuwa B. R. Ambedkar, wanda ya jagoranci ƙona littafin Manu a Mahad a 1927, ya kuma shugabanci kwamitin rubuta tsarin mulkin 1950 da ya haramta ƙyamar taɓa wasu mutane.

Ita kanta kalmar fiyudalanci an kai ta Indiya. James Tod ya liƙa wa sarakunan Rajput ita a 1829, R. S. Sharma ya gina littafinsa na 1965 a kan kyautar filaye da sarakuna suka riƙa yi wa Brahmanawa da wuraren ibada, Harbans Mukhia kuma ya mayar masa da martani a 1981 cewa manomin Indiya yana da iko a kan aikin gonarsa fiye da takwaransa na Turai. Babbar hasarar da muke gani a darasin da ya taƙaita addinin Hindu ga hawa huɗu ita ce falsafar da yake zubarwa: mantiƙin mazhabar Nyaya, da gardamar Shankara da Ramanuja a kan ko ran mutum da Haƙiƙa ta ƙarshe abu ɗaya ne. Ɗalibanmu sun san Indiya ta fina-finai, sun cancanci su san tana da malaman da suka yi ƙarnuka suna muhawara a kan hujja da ilimi. Abin koyi a nan shi ne Abu Raihan al-Biruni, wanda ya kammala littafinsa a kan Indiya wajajen 1030, daidai lokacin da Adalbero yake rubuta waƙarsa. Musulmi ne, ya koyi Sanskirit, ya fassara littafin Patanjali zuwa Larabci, ya bayyana rukunoni huɗu da waɗanda ke wajensu, kuma ya ɗaura wa kansa sharaɗin kawo maganar Hindu yadda suke faɗinta, tare da bambance ra'ayin malamansu da na gama-gari.

Matsalar kalma a Hausa

Idan aka zo fassara, akwai jaraba iri biyu. Ta farko ita ce a ce mulkin danniya ko mulkin mulaka'u, wanda hukunci ne aka yanke tun kafin a saurari shari'a. Ta biyu ita ce a ce tsarin sarauta, wanda yake gaya wa ɗalibi cewa Faransa ta ƙarni na 11 da Kano ta ƙarni na 19 abu ɗaya ne. Kalmar tana da tarihin siyasa a ƙasar nan, domin a shekarun 1950 da 1960 an yi ta jifan masarautun Arewa da ita a jaridu da dandalin siyasa. Ta shiga nazari ma: M. G. Smith ya yi amfani da kalmar Ingilishi ta ƙasar-hidima a littafinsa na 1960 a kan Zazzau, Jack Goody kuma ya yi kashedi a 1963 game da ɗora ma'aunin Turai a kan daulolin Afirka.

Hausa tana da kalmomin da suka fi dacewa da ƙananan sassan batun. Caffa da mubaya'a suna iya ɗaukar rantsuwar biyayya, barantaka ta ɗauki dangantakar bara da ubangida, barde ya ɗauki mayaƙin doki, muddin an biyo kowace da bayanin inda ta saɓa. Shawararmu ita ce a koyar da waɗannan sassa ɗaya bayan ɗaya da misalai masu suna da shekara, a bar babbar kalmar a matsayin aro, a kuma gaya wa ɗalibi su wa suka ƙirƙire ta. Tambayar jarrabawa da take cewa a zana dala a sa sunaye gara a musanya ta da wadda take ba ɗalibi maganar Fulbert da ƙorafin Hugh, ta ce ya bayyana dalilin saɓaninsu.

Kalmar hakimi ce ta fi buƙatar hattara. A Kano ta ƙarni na 19 yawancin masu sarauta a birni suke zaune, garuruwan da ke ƙarƙashinsu a warwatse suke, jakadu ne suke kai da kawowa wajen haraji. Sarki yana naɗawa yana tuɓewa, kuma manyan muƙamai irin su Shamaki da Ɗanrimi da Sallama a hannun bayin sarki suke. Wannan ya yi nisa da mai kagara na Faransa da ya gaji ƙasarsa, yake yanke hukunci a cikinta, wani lokaci har ya yaƙi sarkinsa. Jerin sarki, hakimi, dagaci, mai unguwa, kowa da yankinsa a dunƙule, wanda malami yake ɗauka tsohon abu ne yana fassara Turai da shi, ya sami siffarsa ta yanzu ne a shekarun da suka biyo bayan cin Kano a 1903, lokacin da Turawan mulki suka yanka gundumomi, suka tura hakimai su zauna a cikinsu, suka kawar da jakadu.